Juriyar ire-iren dankalin turawa ga cutar ƙunar ganye

Juriya ga ƙunar ganye ita ce ƙarfin da wani irin dankalin turawa yake da shi na hana cutar kama shi, ko na rage mata saurin yaɗuwa a gona. Ƙwayar da ke haddasa cutar ana kiranta Phytophthora infestans. An daɗe ana lissafa ta cikin dangin funfuna, amma binciken baya-bayan nan ya ware ta a wani rukuni na daban. Tana son sanyi da laima. Da farko ɗigo-ɗigo masu duhu ne ke fitowa a gefen ganye, ƙasansa kuma ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari. Idan aka yi marka, cikin mako biyu gona kan koma kamar an cinna mata wuta, 'ya'yan dankalin ma su ruɓe a ƙasa.

Tarihi

Cutar ta afka wa Turai a 1845. A tsibirin Ayalan talakawa sun dogara ne kusan kacokan ga iri guda mai suna Lumper, wanda ba shi da juriya. Yunwar da ta biyo baya ta kashe kimanin mutum miliyan 1, wasu kusan miliyan 1 suka yi hijira. Masanin Jamus Anton de Bary ne ya ba ƙwayar sunanta na yanzu a 1876. Galibin masana na ganin asalinta kwarin Toluca ne a Meziko, wasu kuma na cewa duwatsun Andes.

A farkon ƙarni na 20 masu kiwon iri suka lura cewa wani dankalin daji na Meziko, Solanum demissum, ba ya kamuwa. Aka yi ta barbararsa da na gida, har aka gano ƙwayoyin gado 11 da aka laƙaba wa R1 zuwa R11. Murnar ba ta daɗe ba. Kowace ɗaya jinsin cutar da ta sani kaɗai take tarewa, ita kuwa cutar saurin sauya kama gare ta. Irin Pentland Dell, da aka fitar a Sikotilan wajen farkon shekarun 1960 ɗauke da R1 da R2 da R3, bai cika shekara 10 ba cutar ta karya shi.

Wannan ne ya sa masu bincike irin su John Niederhauser, wanda ya shafe shekaru yana gwaji a Toluca, suka karkata ga juriyar da ƙwayoyin gado da yawa ke haɗuwa su samar. Irin wannan dankali yakan kamu, amma a hankali, sai manomi ya kai ga girbi da feshi kaɗan. Wannan juriyar ta fi ɗorewa, sai dai tana yawan zuwa tare da jinkirin nuna, abin da bai yi wa mai neman girbi da wuri daɗi ba.

Sababbin ire-ire

Sarpo Mira, wanda iyalin Sárvári na Hungari suka samar, ya yi suna da ƙarfin juriya domin ya tara ƙwayoyin kariya da dama. A 2003 aka ciro ƙwayar gado ta kariya mai suna RB daga wani dankalin daji, Solanum bulbocastanum. Cibiyar Dankali ta Duniya da ke Lima ta haɗa irin waɗannan ƙwayoyi 3 a cikin irin Victoria ta hanyar sauya masa halitta, aka gwada shi a Uganda. Ana saɓani kan ire-iren da aka sauya wa halitta.

A Najeriya

Cutar ta fi tsanani a damina a tsaunin Jos, musamman Bokkos da Mangu, inda ake noma mafi yawan dankalin ƙasar. Tashar binciken dankali da ke Kuru tana gwajin ire-ire masu juriya.