Daidaita takunkumin na'urar CPAP ga mai fara jinyar ɗaukewar numfashi a barci

Takunkumin CPAP shi ne ɓangaren da ke haɗa fuskar majinyaci da na'urar da ke hura masa iska ta hanci, ko ta hanci da baki, a lokacin barci. Ana amfani da na'urar ne wajen jinyar ɗaukewar numfashi a barci, wato lalurar da tsokokin maƙogwaro ke saki idan barci ya yi nauyi, harshe da ganɗa su koma baya su toshe hanyar iska, numfashi ya tsaya na daƙiƙa 10 ko fiye, sannan mutum ya zabura da minshari mai ƙarfi, galibi ba tare da ya san ya farka ba. Likitoci suna auna tsananin lalurar da yawan tsayawa ko raguwar numfashi a cikin awa ɗaya ta barci: daga 5 zuwa ƙasa da 15 mai sauƙi ce, daga 15 zuwa 30 matsakaiciya, abin da ya haura 30 kuwa mai tsanani. Abin da na'urar ke hurawa iskar ɗaki ce da aka tace, kuma aikinta shi ne ta tokare maƙogwaro kada ya rufe. Ana auna matsinta da santimitar ruwa, yawanci tsakanin 4 da 20.

Likita Colin Sullivan ne ya fara gwada wannan hanya a asibitin Royal Prince Alfred da ke birnin Sidni na ƙasar Ostireliya a shekarar 1980, ya kuma wallafa sakamakon majinyata biyar a mujallar The Lancet a 1981. Takunkuman farko akan ƙera su ne bisa siffar hancin kowane majinyaci, a manna su a fuska da silikon. Tun daga wancan lokaci an rage wa na'urar girma da ƙara ƙwarai, amma wurin da roba ke haɗuwa da fata har yau shi ne inda yawancin koke-koken masu fara jinya suke fitowa.

Ire-iren takunkumi

Akwai manyan nau'o'i uku. Na farko shi ne mai rufe hanci kaɗai, daga karan hanci zuwa saman leɓe. Na biyu ƙananan tausasan robobi ne guda biyu da ke zama a bakin kafafen hanci. Shi ya fi kowanne rashin nauyi, ba ya tare gani, kuma yakan dace da mai gemu da gashin baki, da mai sa tabarau yana karatu kafin barci, sai dai idan matsin iska ya yi yawa yakan busar da cikin hanci har ya yi zafi. Na uku shi ne mai rufe hanci da baki tare, wanda ake ba wanda hancinsa ke yawan toshewa ko wanda bakinsa ke buɗewa a barci. Da yawa daga masu fara jinya sukan ɗauka wannan na ukun ya fi inganci saboda girmansa, alhali faɗin fatar da yake taɓawa yana ƙara wuraren da iska za ta iya zurarewa, yana iya tura muƙamuƙin ƙasa baya, kuma sau da yawa mai shi yakan bukaci matsin iska fiye da wanda takunkumin hanci zai wadatar da shi. Wannan ne ya sa likitocin barci sukan fara da na hanci in babu wani dalilin da ya hana.

Girman takunkumi ba ya bin girman jiki. Ƙaton mutum yana iya dacewa da ƙaramin takunkumi, kuma matsakaicin wani kamfani ba lallai ya yi daidai da matsakaicin wani ba, don haka kowane samfuri yake zuwa da ma'auninsa da ake ɗorawa a fuska. Mai haƙoran roba yana da kyau a auna shi a yadda zai kwana, domin cire haƙoran yana sauya siffar kumatu da haɓa.

Yadda ake ɗaurawa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsananta ɗauri. Ɓangaren takunkumin da ke taɓa fuska matashi ne mai taushi, galibi na robar silikon, kuma yawancinsu suna da siririn leɓe a gefensu, wanda iskar na'urar ke shiga ƙarƙashinsa ta kumbura shi ya lafe da fata. Ke nan iska ce ke rufe kafar, maɗaurin kai kuwa aikinsa riƙe takunkumin a mazauninsa. Idan aka ja maɗauri da ƙarfi sai leɓen ya danne ya yi ninki, iska ta samu hanya ta cikin ninkin, mai barci ya ji tana huci a kuncinsa ya ƙara ja, da safe ya tashi da jan shati a fuska da ƙujewa a karan hanci, yoyon kuma yana nan yadda yake.

Hanyar da masu aikin jinyar barci ke koyarwa ita ce a sa takunkumin da sassauci a zaune, a haɗa tiyo, a kunna na'ura, sannan a kwanta a yadda aka saba kwanciya, domin fuskar wanda ke kwance ba ɗaya take da ta wanda ke tsaye gaban madubi ba: kumatu suna zamewa, haɓa tana sauka. Daga nan ake jan maɗauran hagu da dama tare, kaɗan-kaɗan kuma daidai wa daida, har hucin ya tsaya. Yatsa ya kamata ya iya shiga tsakanin maɗauri da fata ba da wahala ba. Idan iska ta ci gaba da fita ta wani gefe, sai a ɗaga matashin daga fuska na ɗan lokaci a sake ajiye shi, leɓen ya miƙe ya cika da iska. Wajibi ne a yi wannan gwaji da cikakken matsin da likita ya rubuta, saboda na'urori da dama suna farawa da ƙaramin matsi su riƙa ƙarawa a hankali, kuma takunkumin da ya zauna lafiya a matsi 4 yana iya fara yoyo tsakar dare idan matsin ya kai 12.

Ba kowace iska mai fita ce yoyo ba. A jikin kowane takunkumi, ko a gwiwar da ke haɗa shi da tiyo, akwai ƙananan huji da aka yi da gangan don fitar da iskar da mutum ya shaƙa ya fitar, kuma toshe su da tef ko bargo yana da haɗari. Yoyon da ke bukatar gyara shi ne mai fita ta gefen matashi, musamman wanda ke hurawa cikin ido, domin yana busar da shi ya yi ja. Na'urorin zamani suna rubuta yawan yoyon kowane dare. Na kamfanin ResMed, alal misali, suna ɗaukar abin da ya haura lita 24 a minti ɗaya a matsayin mai yawa.

Matsalolin makonnin farko

Wanda ke tashi da busasshen baki alhali takunkumin hanci yake sawa, galibi iska ce ke shiga ta hanci tana fita ta baki. Akan magance wannan da maɗaurin haɓa, ko da ƙara danshi ta hanyar ma'ajin ruwan da ke ɗumama iskar, wanda kuma ke rage toshewar hanci. In ba a dace ba sai a koma takunkumi mai rufe baki. Idan ɗaki ya yi sanyi danshin yakan zama ɗigon ruwa a cikin tiyo, maganinsa kuwa tiyo mai ɗumi ko ajiye na'urar ƙasa da tsayin kai. Kumburin ciki da yawan gyatsa alama ce ta haɗiye iska, kuma likita ne ya kamata ya duba matsin.

Maiƙon fata yana sa silikon santsi, don haka ake wanke fuska kafin kwanciya, a guji shafa mai, musamman basilin da ke lalata robar. Matashin silikon ana wanke shi kullum da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, amma na soso gogewa kawai ake yi. Duk matashin da ya tsufa yakan saki, kuma yoyon da ya ɓullo bayan watanni na zaman lafiya sau da yawa sauyi yake nema.

Wasu takunkuman suna da maganaɗisu a maƙalansu. Mai ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya ko wani ƙarfe da aka dasa a kai ko a ƙirji, da wanda ke kwana kusa da shi, su sanar da likita, domin masu ƙerawa suna gargaɗin cewa maganaɗisun yana iya shafar abin da aka dasa, don haka a zaɓi marar maganaɗisu.

Akwai kuma wanda da zarar an rufe masa fuska sai ya ji kamar an shaƙe shi. Irin wannan akan sa shi ya saba da rana yana farke: ya riƙe matashin a fuska da hannu na 'yan mintuna, washegari ya ɗaura maɗauri, daga baya ya kunna na'ura yana karatu ko sauraron rediyo, kafin ya kai ga kwana da shi. Bincike ya nuna cewa yadda mutum ya yi amfani da na'urar a makon farko yakan nuna yadda zai ci gaba da ita, shi ya sa asibitocin barci suke son ganin majinyaci da wuri, su sauya masa girma ko nau'i idan na farko bai karɓe shi ba. Ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen cewa mutum yana bin jinya shi ne awa 4 ko fiye a dare, a kashi 70 cikin 100 na darare, ko da yake abin da likitoci ke nema shi ne a sa takunkumin tsawon barcin gaba ɗaya, har da na rana.