Dokar man bilicin: tsadar kwalba ba ta wanke ta a gaban NAFDAC

Saƙon murya biyu ne suka faɗo zauren WhatsApp na danginmu a mako guda. Na farko ya ce hukuma ta haramta duk wani man gyaran fata, har za a fara tare mata a hanya ana duba gaɓoɓin yatsunsu. Na biyu daga wata mai sayar da kayan kwalliya ne, tana kwantar wa kwastomominta hankali: ita nata mayukan 'yan waje ne masu tsada, dokar kuwa ta masu haɗe-haɗen bayan layi ce. Dukkansu biyun ba haka abin yake ba, amma na biyun ya fi ba ni tsoro.

Dokar dai ba sabuwa ba ce. Tun 2005 NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, take da ƙa'idar da ta hana sanya sinadaran bilicin a kayan kwalliya, aka sabunta ta a 2019. A 2023 kuma shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Dokar ta hau kan mai haɗawa da mai shigowa da mai rarrabawa da mai talla da mai sayarwa. Shaguna da rumbunan ajiya ake kai wa samame. Man kaɗanya da dilka da kurkur da lallenki ba su ne abin nema ba.

Abu uku ne a gaba. Makyuri, wato zaiba, wanda ke taɓa ƙoda da jijiyoyi, kuma yana iya kaiwa ga ɗan da ke ciki ko wanda ake shayarwa. Sai sitiroyid, irin wanda ke cikin 'yan mayukan nan da likita ke rubutawa don ƙaiƙayi da kumburin fata, mata kuma suke matsewa cikin man shafawa. Shi ne ke sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito kore-kore, nankarwa ta tsattsage cinya da hammata. Waɗannan biyun babu ko ɗigo da aka yarda da shi a man kwalliya.

Na ukun ne ke rikita mutane, wato haidrokwinon, wanda za ki ga an rubuta hydroquinone a bayan kwalba. Shi ba a hana shi ɗungurungum ba, iyaka aka yanka masa: kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari. Masu sayarwa sun riƙe wannan a matsayin lasisi. To amma iyakar ta kwalba ɗaya ce. Matar da ta shafa man safe mai kashi 2, ta yi wanka da sabulun hasken fata, da dare ta ɗora haɗin da aka dama mata a roba, ko da babu kwalbar da ta wuce iyakar ita kaɗai, fuskarta ce ke karɓar jimillar. Idan aka daɗe a haka, sai kumatu su yi wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ba ya jin magani. Shi ya sa Tarayyar Turai ta cire shi daga man shafawa tun 2001, Amurka ma daga 2020 ba a sayar da shi sai da takardar likita. Ni a ganina kashi biyun nan ƙofa ce aka bari a buɗe.

Yanzu batun tsada. Kwanaki na raka ƙanwata sayayyar lefe wani shago a Kano. Mai shagon ta ɗauko wata 'yar kwalba mai murfin ruwan zinare, ta ce naira dubu 45. Na juya ta ina neman lambar NAFDAC, ban gani ba. Ta yi dariya ta ce, "Haba Hajiya, wannan ai ɗan Dubai ne, ya fi ƙarfin lamba." Ba sunan kamfani, ba adireshi, ba jerin abin da aka zuba a ciki. Hoton wata farar mace kawai da alƙawarin kwana bakwai.

A doka babu man da ya fi ƙarfin lamba. Duk kayan kwalliyar da za a sayar a Najeriya, na gida ko na waje, sai an yi masa rajista, kuma na waje sai yana da wakili a nan wanda za a kama idan ya yi ɓarna. Amfanin sunan mai kaya a jikin kwalba kenan. Kuma duba sunan yana buɗe ido. Nivea da ke kowane kanti da La Prairie mai tsadar fitar hankali duk na kamfanin Beiersdorf ne na Jamus. L'Oréal ta Faransa ce ke da Garnier da CeraVe da Lancôme. Estée Lauder ta Amurka ce mai La Mer, ita ce kuma mai The Ordinary, wanda ya yi suna saboda araha. Ba ina cewa abin da ke ciki iri ɗaya ba ne. Amma ma'aunin da doka ke auna su da shi ɗaya ne, kuma babu farashi a cikinsa. A Turai da Amurka dole a jera sinadarai daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, shi ya sa sau da yawa za ki ga mai tsadar da mai arahar duk da ruwa da gilisarin suka fara. Ragowar kuɗin, wani na bincike ne da laushin mai da ƙamshi, wani na kwalba ne da talla.

Kada kuma a ɗora wa lambar NAFDAC abin da ba ta ɗauka ba. Ba shaida ba ce cewa man zai goge tabo ko ya mai da tsohuwa yarinya, kuma 'yan jabu suna buga ta.

Hukunci ya haɗa da tara, ko ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko duka biyun, sannan a ƙwace kayan. Idan kamfani ne, daraktocinsa ma za su iya amsawa da kansu. A takarda ya yi kyau. A kasuwa kuwa, wadda ta fi saurin shiga hannu ita ce mai ɗan tebur da jarinta bai kai kuɗin kwalbar nan guda biyu ba. Mai kwantena da mai tallar "oganik" a Instagram, wadda ke dama sitiroyid a ɗakinta ta liƙa takarda mai hoton ganye, sun fi wuyar kamu.

Ƙanwata dai ba ta ji daɗina ba a ranar. Mun fito da Vaseline da man kaɗanya kwano guda, tana ta ƙunƙuni har muka hau adaidaita.