Me ya sa ma'aikata ba sa zama a ƙananan asibitocin kuɗi?

Duk mai zuwa asibitocin kuɗin nan na cikin unguwa ya san wannan abin, ka saba da wata nas, bayan wata uku ka koma a ce maka ai ta samu aikin gwamnati, likitan da ya san fayil ɗinka ma ya ƙara gaba. Yanzu kowa japa, wato ficewar ma'aikata zuwa ƙasashen waje, yake ɗora wa laifi, alhali matsalar ta girmi japa nesa ba kusa ba.

Tun 1986 da gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP Naira ta faɗi, albashin likita ya daina kai shi ƙarshen wata, manyan likitoci suka yi ta tafiya Saudiyya. Waɗanda suka zauna kuma da yawansu sai suka kama gida haya suka buɗe kilinik, da safe suna asibitin gwamnati da yamma suna nasu. To ka ga tun daga tushe da ma'aikatan aro aka gina abin, likita ya zo lokum ya yi awanninsa a sallame shi, nas ta taso daga dutin gwamnati ta zo ta kwana, sauran aikin kuma a bar wa 'yan matan da mai asibitin ya koya wa allura da sa ruwa, waɗanda ake kira ogzilari. Ba takardar ɗaukar aiki, ba fansho, ba ƙarin girma, wa zai ɗauki nan wurin zama?

A 2005 inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ta fara aiki, aka yi zaton asibitocin za su samu kuɗin shiga tsayayye, sai ga shi ɗan abin da ake biya kan kowane mutum a wata ya daɗe a Naira 750, shi ma sai an yi ta bin kamfanonin HMO, waɗanda kuɗin ke bi ta hannunsu, kafin ya fito. A 2009 kuma aka kawo wa ma'aikatan lafiya na gwamnati tsarin albashi na CONMESS da CONHESS, tazarar da ke tsakanin albashinsu da na asibitocin kuɗi ta ƙara faɗi. Daga nan abin ya koma kamar tsani, daga firabet a tafi jiha, daga jiha a nemi tarayya irin su asibitin Malam Aminu Kano, daga can sai jirgi. Duk wanda ya tashi a sama daga ƙasa ake janyo mai maye gurbinsa, shi kuwa mai kilinik shi ne a matakin ƙarshe, ba shi da inda zai janyo.

Da Ingila ta buɗe bizar ma'aikatan lafiya a 2020 sai tsanin ya ƙara sauri. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitoci kusan 16,000 sun fita cikin 'yan shekarun nan. Ga cire tallafin mai a 2023, ga tsadar dizal, ga mafi ƙarancin albashi ya koma Naira 70,000 a 2024, in mai asibiti ya ƙara kuɗin kati marasa lafiya su koma kemis.

Ni dai ban wanke masu asibitocin duka ba fa, akwai waɗanda ke riƙe albashi wata biyu su kuma sa nas ɗaya ta kwana da wod ita kaɗai.

A Fabrairun 2024 hukumar nas-nas da ungozomomi ta ce sai nas ta yi aikin shekara biyu kafin a tantance mata takardun fita waje, nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Ga mai kilinik kam ko an bi wannan dokar shekara biyu kawai ya samu, kuma ko su ɗin ba lallai a wurinsa za ta yi su ba in jiha ta buɗe ɗaukar aiki.