Kwanan Ƙaramin Yaro a Gidan Kakanni a Jihar Kebbi

Kwanan ƙaramin yaro a gidan kakanni daɗaɗɗiyar al'ada ce a ƙasar Hausa, inda ake kai yaron da ya fara tafiya, ɗan shekara ɗaya zuwa uku, ya kwana wurin kakarsa ta wajen uwa ko ta wajen uba. A Jihar Kebbi, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, abin da ya fi kawo irin wannan kwana shi ne yaye, sai haihuwar ƙani, ciwon uwa, ko tafiyar biki da ta'aziyya. Kiyaye yaron a makwancinsa ya shafi tsayin gado, gidan sauro, wutar jin ɗumi, da ƙananan kayan da tsofaffi kan ajiye kusa da kansu. Tushen haɗarin shi ne ɗakin kaka an shirya shi ne don babba, yaron kuwa baƙo ne da ke iya farkawa cikin duhu ya tashi neman uwarsa.

Yaye da riƙo

Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa. A aikace gidaje da yawa kan yaye yaro kafin nan, galibi tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ko da wuri idan uwa ta samu ciki. A tsarin gargajiya ba a yaye yaro a gaban uwarsa. Ana zaɓar rana, a karɓo rubutu wurin malam a ba shi ya sha, sannan a goya shi zuwa gidan kaka, inda zai zauna kwanaki ko makonni har ya manta da nono. Kaka kan tanadi kunu, fura da nono, da ɗan abin taɓawa na rarrashi. Wasu gidajen kan shafa wa nono wani abu mai ɗaci a bar yaron a gida, amma kai shi wurin kaka ya fi yawa a da.

Dalilin zaɓar kaka yana da nasaba da wasan da ke tsakanin kakanni da jikoki. Kaka na kiran jikanta namiji maigida ko ango, mace kuma kishiya, kakan namiji kuwa ya kira jikarsa amarya. Uwa idan ta kawo yaro takan ce, "Inna, ga maigidan naki," ta sulale ta fita kafin ya ankara. Ga ɗan fari akwai ƙarin dalili, wato kunyar da iyaye ke nunawa a kansa, har ba su kiran sunansa. Sau da yawa ɗan fari daga yaye yake zarcewa riƙo, ya girma a ɗakin kaka, wani ma sai ya yi wayo kafin ya gane wace ce ta haife shi.

Daren farko da na biyu su ne masu wuya. Yaron da ya saba laluba nono cikin barci zai farka bai samu ba, ya yi kuka, ya mirgina, ya sauko ya nufi ƙofa. Tsofaffin mata sun san wannan sarai, shi ya sa sukan sa yaron yaye a jikinsu ta ɓangaren bango, wasu kuma su goya shi su yi ta zagaye a tsakar gida har barci ya ɗauke shi.

Makwanci a da da yanzu

Makwancin Bahaushe na asali ƙasa-ƙasa yake. Akwai tabarmar kaba da buzu, akwai gadon kara da ake ɗaurawa da karan dawa, wanda bai cika tsayi ba. Akwai kuma gadon ƙasa, wanda ake ginawa a jikin bango a bar masa rami a ƙarƙashi don zuba garwashi. Maijego da tsofaffi ne suka fi amfani da shi lokacin ɗari. Katifa kuwa ta ciyawa ce ko ta audugar rimi. A irin wannan shimfiɗa faɗowa ba ta da wani tasiri, abin tsoro shi ne ƙuna, kunama da kuɗin cizo.

Gadon ƙarfe ya fara yaɗuwa ne a zamanin Turawa, ya kuma zama dole a kayan ɗakin amarya wajajen tsakiyar ƙarni na 20 zuwa gaba. Mai rumfa shi ne abin alfahari. A ƙauyuka da dama ba a barinsa a tsayinsa na kamfani: sai a ɗora ƙafafunsa kan duwatsu ko gwangwanaye, a jibga katifu biyu ko uku, a jera matasai, domin ɗaki ya yi kwarjini, kuma a samu wurin tura kwalla da akwati a ƙarƙashi. Gado irin wannan kan kai ƙugun babban mutum. Da yawa daga cikin matan da aka yi wa wannan jere su ne kakannin yau, kuma wasu har yanzu a kansa suke kwana, domin tsohuwa ba ta cika rabuwa da gadon aurenta ba.

Katifar soso ta kamfanoni irin su Vitafoam da Mouka ta zama ruwan dare daga baya, sannan gadon katako ya biyo a birane kamar Birnin Kebbi, Argungu, Jega da Yawuri. Canjin daɓe ya fi na gado muhimmanci a nan, ko da yake ba a cika lura da shi ba. Daɓen ƙasa ya koma siminti, siminti ya koma tayil, don haka yaron da ya faɗo yau kan abu mai tauri yake sauka. Gadon jarirai mai shinge bai samu karɓuwa ba sai a gidajen ma'aikata ƙalilan.

Faɗowa da maƙalewa

Hanya mafi sauƙi ita ce a sauke katifa ƙasa a daren da yaro zai kwana, kaka ta kwanta tare da shi ko a gefensa. Idan ba makawa sai kan gado, ana rage katifun zuwa ɗaya, a shimfiɗa wata ko bargo mai kauri a ƙasa ta gefen da babu bango, a kawar da kujera 'yar tsugune, kwanon sha da duk abin da ke da kaifi.

Sa yaro ta bango yana hana faɗowa, amma yana da nasa haɗarin. Idan akwai rata tsakanin katifa da bango, ko tsakanin katifa da ƙarfen kan gado, yaro na iya zurmawa jikinsa ya wuce kansa ya maƙale, fuskarsa a danne da katifa. Tsohuwar katifar soso da ta lotsa a gefe ta fi jawo haka. Ko dai a manne gadon da bango sosai, ko a janye shi nesa yadda ba abin da zai riƙe yaron. Ma'aunin da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Amurka ta sa wa gadon jarirai shi ne kada tazarar sandunansa ta wuce kimanin santimita 6. Sandunan gadon ƙarfe na manya sukan fi haka faɗi, kan yaro na iya shiga ya ƙi fita. Wannan hukuma ta ce shingen da ake maƙalawa a gefen gado na 'yan shekara 2 zuwa 5 ne, kuma ba a ɗora yaron da bai kai shekara 6 ba a saman gado mai hawa biyu.

Ledar da ake shimfiɗawa saboda fitsarin kwance ana sa ta ne a ƙarƙashin zanen gado, a soke gefunanta da kyau. Siririyar ledar kasuwa ba ta dace ba, tana manne wa fuska.

Sauro

A Kebbi sauro ya fi faɗowa kisa nesa ba kusa ba. Fadamun shinkafa na Gulbin Kebbi da bakin kogin Kwara sun sa sauro ba ya yankewa a wurare da yawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin kashi 52 cikin ɗari na yaran jihar 'yan ƙasa da shekara 5, adadi mafi yawa a Nijeriya, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 23 ne. A binciken 2021 adadin Kebbi kashi 49 ne, har lokacin ita ce kan gaba. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro mai suna R21 a Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024.

Sauron da ke ɗauke da cutar daga magariba zuwa asuba yake cizo, don haka dare ɗaya ba gidan sauro ya isa yaro ya kamu. Rabon gidan sauro ya fi mai da hankali kan masu ciki da ƙananan yara, sai a tarar ɗakin tsohuwa babu, ko akwai amma ya yage, ko an mai da shi shingen lambu. Uwar da ke kai yaro yaye takan haɗa da nasa. Ana soke shi a ƙarƙashin katifa ta kowane gefe, a ɗaure igiyoyinsa sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, domin igiya mai lilo na iya naɗe wuya. Sabo fil kuwa ana shanya shi a inuwa na kwana ɗaya kafin a ɗaura. Gidan sauro ba shinge ba ne: yaron da ya mirgina zai faɗo da shi.

Da damina ma'aikatan lafiya kan bi gida-gida wata-wata suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya na kwana uku. Su ke ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku a hannun mai kula da yaro suke. Idan tafiya gidan kaka ta faɗo a tsakani, sauran ƙwayoyin da katin su bi yaron.

Wuta da hayaƙi

Daga Disamba zuwa Fabrairu tsofaffi kan shiga da kaskon garwashi ɗaki su rufe ƙofa. Ban da ƙuna, gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ko launi, tana kuma kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Hayaƙin janareta da aka ajiye a bakin taga ko a zaure shi ma haka. Fitilar ƙwai, kyandir, turaren wuta da maganin sauro na kunnawa duk suna iya kama gidan sauro ko zanen gado. Malamai kan kafa hujja a nan da hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya hana barin wuta a gida lokacin kwanciya. Fitila mai caji ta rage wannan matsala sosai, kuma barin ta a kunne kaɗan yana taimakon yaron da ya farka a ɗakin da bai sani ba.

Kwanan waje

A watannin Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, gida duka ya fito tsakar gida. Nan babu bango babu ƙyaure. Kafin a kwanta ana rufe rijiya, a kifar da bokiti da baho, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka yaron da ya faɗa da ka. Ana kashe murhu, a nisanta shimfiɗa daga turken dabbobi da tarin itace inda kunama da maciji ke fakewa. Kakkaɓe shimfiɗa kafin kwanciya sunna ce, kuma a nan amfaninta a fili yake.

A gidajen da ake dakan dutsen zinare shimfiɗar ƙasa tana da wani haɗarin. A Zamfara, a 2010, ƙurar dalma daga irin wannan aiki ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Akwai haƙar zinare a yankin Yawuri.

Kayan tsofaffi

Ƙarƙashin matashin tsoho ma'aji ne. Ana samun goro, carbi, kuɗin ƙarfe, allura, reza, da ƙwayoyin hawan jini ko na ciwon suga, waɗanda ƙwaya ɗaya ko biyu daga wasunsu na iya jefa ƙaramin yaro cikin mummunan hali. A ƙarƙashin gado kuma akan tarar da kananzir a robar lemo, da fiya-fiya ko shinkafar ɓera. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper, amma makamantansa ba su ɓace daga kasuwannin ƙauye ba. Fesa irin waɗannan a ɗaki a kwantar da yaro nan take haɗari ne. Haka ma bai wa yaron yaye maganin mura ko na tari don ya yi barci. An hana maganin tari mai kodin a Nijeriya tun 2018.

Tsawon barci

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2019, ta sa awa 11 zuwa 14 a rana ga 'yan shekara 1 zuwa 2, har da barcin rana.

Saɓani

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ba ta yarda da kwana gado ɗaya da jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya ba. A Ingila shawarar ta fi karkata ga bayyana yanayin da ke sa hakan ya zama haɗari, kamar shan taba, shan maganin da ke sa nauyin barci, ko kwana kan kujerar kushin. Bayan shekara ɗaya haɗarin danne yaro yana raguwa ƙwarai. Kan lokacin fara sa wa yaro matashin kai ma ba a haɗu ba: wasu sun ce bayan shekara ɗaya, wasu sai biyu. Tsakanin iyaye da kakanni kuwa gardamar ba ta cika fitowa fili ba, domin surukar da za ta ce wa uwar miji ta sauke katifa sai ta bi ta bakin mijinta ko wata goggo.

Idan yaro ya faɗo

Yawancin faɗowa daga gado mara tsayi ƙulu ne da kuka. Ana sa tsumma mai sanyi a wurin, a ci gaba da lura da yaron kwana ɗaya zuwa biyu. Alamun da ke sa a tafi asibiti ba jiran wayewar gari su ne suma, amai fiye da sau ɗaya, jijjiga, barcin da aka kasa tashinsa daga ciki, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, da ƙin motsa hannu ko taka ƙafa. Idan jijjiga ta kama shi ana kwantar da shi ta gefe, ba a cusa masa cokali a baki, ba a ɗura masa komai. Karaya a ƙaramin yaro tana buƙatar hoto kafin a kai ga mai ɗori. A Birnin Kebbi akwai Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da asibitin koyarwa na tarayya, a sauran garuruwa kuma babban asibitin ƙaramar hukuma ne matakin farko.