Waiwaye: Yunƙurin cusa wa Tekun Baltik iska

A farkon ƙarni na 20, yankin da ke fama da ƙarancin iskar oksijin a ƙarƙashin Tekun Baltik da ke arewacin Turai bai wuce murabba'in kilomita 5,000 ba, amma bayan shekaru ɗari ya kai kimanin 60,000. Tekun kusan a rufe yake, ruwan gishiri mai nauyi yana kwance a ƙasa, mara nauyi yana sama, ba sa gauraya. Takin zamani da ƙazantar birane da koguna ke kwararowa da su suna ciyar da gansakuka, wadda idan ta mutu ta nutse, ruɓewarta ke cinye sauran iskar. Ɗumamar yanayi ta ƙara dagula lamarin, domin ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi.

Ƙasashen yankin sun rattaba hannu kan yarjejeniyar Helsinki ta kare tekun daga gurɓata a 1974, kuma sun rage ƙazantar da suke zubarwa. Sai dai laka mara iska tana sakin sinadarin fosfaras da ta taskace shekara da shekaru, ya koma sama ya sake ciyar da gansakukar. Wannan ne ya sa Anders Stigebrandt na Jami'ar Gothenburg ya kawo shawarar a yi amfani da famfuna wajen tura ruwa mai iska zuwa ƙasa. A 2010 aka fara gwaji a mashigin Byfjorden, kusa da Uddevalla a Suwidin, inda aka riƙa tura ruwan sama zuwa zurfin mita 35. Iska ta koma ƙasa, fosfaras ya ragu a cikin ruwan, ƙananan halittu suka fara komawa lakar da a da sai warin ruɓaɓɓen ƙwai take yi.

A 2012 Daniel Conley na Jami'ar Lund ya yi gargaɗi a mujallar Nature cewa irin wannan aiki na iya rikita tsarin tekun, ya kuma kawar da hankali daga rage ƙazanta. A ganina gargaɗin yana da ƙarfi, domin ƙaramin mashigi daban yake da teku mai iyaka da ƙasashe 9.

A 'yan shekarun nan dabarar ta sauya salo. Kamfanonin Lhyfe da Flexens tare da Jami'ar Stockholm sun yi nazarin yadda za a cusa wa zurfin tekun oksijin ɗin da ake samu idan aka raba ruwa da lantarki don samar da haidirojin; wannan oksijin galibi ana barin sa ya tashi a banza.