Ina ruwan gidanmu da wutarsa suke zurarewa? Tambayoyi da amsoshi

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sannan hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 a kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, magidanta suka koma sa ido kan mita da jarkar mai garuwa. Ga wasu tambayoyi da aka fi yi.

Me ya fi cinye kati a gida?

Duk abin da aikinsa zafafawa ne: dutsen guga, hitar dafa ruwa, butar lantarki, risho mai aiki da wuta. Haka ma na'urar sanyaya ɗaki. Yunit ɗaya shi ne wutar da abu mai ƙarfin wat 1,000 yake sha cikin awa guda, kuma dutsen guga kusan ƙarfinsa ke nan. Wannan yunit ɗin da guga ta cinye a awa ɗaya, ƙwan LED mai wat 9 sai ya yi sama da awa 100 yana ci kafin ya ƙarar da shi.

Shi ya sa nake jin takaici in na ga maigida yana faɗa a kan cajar waya, alhali hita tana cikin bokiti, ruwa ya tafasa tuntuni, ba wanda ya tuna da ita. A tara guga a yi ta lokaci guda. Ruwan wanka kuma a ɗumama daidai buƙata, a sirka.

To sauya ƙwan fitila yana da wani tasiri?

Sosai. Tsohon ƙwai mai wat 60 da LED mai wat 9 haskensu kusan ɗaya ne. Gida mai ƙwai biyar da ake kunnawa awa shida kullum zai sha yunit 54 a wata da tsofaffin, da LED kuwa yunit 8 da ɗoriya. Ga shi tsohon ƙwan yana ƙara wa ɗaki zafi.

Firji fa? Ai ba a kashe shi.

Ba sai an kashe ba. A matsar da shi daga jikin bango kaɗan, a nisanta shi da murhu da hasken rana, kada a saka abinci da zafinsa. A gwada robar ƙofar: maƙala takarda ka rufe, in ta zare ba wuya, sanyi yana fita, inji yana ta aikin banza.

Kuma ba komai ne sai firji ba. Wani malami a jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya. Ana saka ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke bushewa ta jikin babbar shi yake janye zafi, kamar yadda randa take sanyaya ruwan sha. Tumatir da tattasai da alayyahu sai su ƙara kwanaki ba su lalace ba. Ta fi aiki a lokacin rani da bazara, sa'ad da iska take bushe.

Ta ina ruwa ya fi salwanta?

A gidan da ke da burtsatse, ta saman tanki. An kunna sumo, wato injin turo ruwa, an shiga hira, sai maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofa: "Tankinku ya cika, ruwa har titi!" Asara biyu ke nan, ta ruwa da ta wuta ko man janareta. Akwai 'yar na'ura mai yawo a saman ruwa da take kashe sumo da kanta in tanki ya cika. Duk mai gyaran famfo ya san ta.

Sai yoyo. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da kusan lita 30 a rana, fiye da jarka guda mai lita 25. Sau da yawa 'yar robar ciki ce kawai ta cinye. In kana zargin bututu ya fashe a ƙasa, cika tanki da dare, ka rufe duk famfuna, da safe ka leƙa.

Shin rage ruwan alwala ba ya rage ingancinta?

A'a. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Mudun nan bai kai lita ɗaya ba. Wanda ya buɗe famfo ya bar shi yana kwarara tun daga wanke hannu har ƙafa, ya zubar da ninkin wannan sau da yawa. Buta ta fi. In an yi alwalar a gindin zogale ko darbejiya, ruwan ya yi aiki biyu.

Tara ruwan sama ya kai a wahala a kansa?

Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 50, in aka yi ruwa mai milimita 20 a dare ɗaya, zai zubo da lita 1,000, wato jarka 40. Abin buƙata indararo ne da duro ko tanki. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsu, kuma a rufe mazubin ruf, don sauro a ruwa buɗaɗɗe yake ƙyanƙyasa. Wannan ruwa ya isa wanki, banɗaki da shuka. Na sha kuwa sai an tafasa.

Yaya za a yi da shuke-shuken tsakar gida da wankin mota?

A yi ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, a gindin shuka, ba kan ganye ba. A lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa don laima ta daɗe. Ruwan wanke shinkafa da ganye na shuka ne, amma mai sabulu da yawa ko bilic a kai shi banɗaki. Mota kuma bokiti biyu da tsumma sun wadatar, ba sai an saki tiyo ba.

A madafa fa, da gas da gawayi suka yi tsada?

Murfi a kan tukunya, wuta daidai gindinta, kuma da zarar ta tafasa a rage, domin ruwan da ke tafasa ba ya ƙara zafi komai ƙarfin wutar. Wake a jiƙa shi tun dare. A yanka komai a jajjaga kayan miya kafin a kunna. Mai girki da gawayi kuma, in ta sauke, ta juye sauran garwashin a tsohon gwangwani mai murfi ta rufe; zai mutu ba tare da ya zama toka ba, gobe a ɗora da shi.