Ƙashi ya kama ƙarfen dashe ko bai kama ba? Amsa ga masu bincike a Sakkwato

Waɗannan tambayoyin ne ɗaliban likitancin dabbobi da na haƙori ke maimaitawa kowane zango kan ƙarfen dashe, wato ƙarfen da ake dasawa cikin ƙashi. Ga amsa a rubuce, ku adana.

Me ake nufi da "ya kama"?

Ƙashi mai rai ya manne da ƙarfe kai tsaye, babu nama mai zare-zare a tsakani. Per-Ingvar Brånemark na Suwidin ya ga haka da titaniyom a ƙashin zomo a 1952, ya dasa wa mutum a 1965.

Hoton ƙashi na asibiti bai isa ba?

Bai isa ba. Siririn naman da ke shiga tsakani ba ya fitowa a hoto. Ko a ƙaramar na'urar CT, ƙarfe na dagula hoton daidai bakin da kuke son gani. Don haka sai an dasa wa dabba, a yanka ƙashin siriri, a duba a madubin bincike, wato maikuroskop.

Wace dabba?

Ƙwaurin zomo, a duba a mako 4, 8 da 12. In dashen babba ne, tunkiya ko jar akuyarmu. Ku karɓi izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin ku je kara sayen dabba, ba bayan kun yanka ba.

Ba mu da zarton lu'ulu'u. Za mu iya tausasa ƙashin, mu zare ƙarfen, mu yanka a kakin farafin?

Za ku iya, amma ya danganta da abin da kuke nema. Ingantacciyar hanya ita ce a yanka ƙashi da ƙarfe tare. A jiƙa a fomalin mai kashi 10 cikin 100, a tsane ruwan da etanol daga 70 zuwa 100, a zuba a ruwan robar da ake kira MMA ta daskare, a yanka da zarto, a goge har kauri ya koma maikuron 30 zuwa 50 (maikuron 1,000 ne milimita ɗaya), a rina da shuɗin toluidin. Sannan a auna tsawon inda ƙashi ya taɓa ƙarfe, a raba da tsawon bakin ƙarfen duka. Wannan adadin shi ake kira BIC, ma'aunin haɗuwar ƙashi da ƙarfe.

In kun tausasa da EDTA mai kashi 10, sinadarin da ke cire kalsiyam daga ƙashi, aikin makonni ne, ana sauya ruwan a kai a kai. Kada gaggawa ta kai ku ga asid mai ƙarfi, zai lalata ƙwayoyin halittar. Matsalar tana wajen zare ƙarfen: yakan yago bakin ƙashin, wato ainihin wurin da ake bincike. Za ku ga kumburi, jijiyoyin jini da sabon ƙashi, wataƙila ma da kyau. Amma BIC daga irin wannan yanka ƙiyasi ne, ku rubuta hakan ƙarara. Ba abin kunya ba ne. In BIC ne ginshiƙin aikinku, ku aika samfur inda ke da zarto.

Masu zuba MMA a nan kuma, ku kula. Tana fitar da zafi lokacin daskarewa, a zafin Afrilu sai ta yi kumfa ta ɓata samfur. Ku sa kwalbar a ruwan sanyi, ku rufe saboda ƙura.

Me ya sa ƙarafan da muka dasa duk nama ya kewaye su?

Galibi laifin mai huda ne. Huda ƙashi na haifar da zafi, kuma digiri 47 na Salshiyas na minti 1 ya isa ya kashe ƙashi. Ku huda a hankali da kaifin baki, ana kwarara ruwan gishiri mai sanyi. Ko kuma dashen yana motsi, in ya kai wajen maikuron 150, nama ne zai fito.

Samfur ɗaya zai yi gwajin murɗawa (auna ƙarfin da zai kwance dashen) da na madubin bincike?

A'a! Wanda aka murɗe har ya saki ya riga ya karye a bakin. Ku raba tun farko. Na murɗawa kada ya ga fomalin, domin yana sauya halin ƙashi. A naɗe shi a bandeji mai ruwan gishiri a gwada ranar, ko a daskarar a digiri 20 ƙasa da sifili, a firizar da wutarta ba ta ɗaukewa.